Tarwaɗar da Ta Ƙi Miƙewa

"…lafiya lau, alhamdu lillahi. Ya ruwa, bawana? Ko kifin ya hango fuskarka ya nutse?"

"Ruwa da godiya. Ke kuma ya gajiyar zama a inuwa?"

"Zama ai na masu bayi ne. Ina kifin rana?"

"Kifin rana ya ji labarin ke za ki dafa shi, ya ce gara ya tsufa a ruwa."

Barira ce ta tarbe mu da wannan gaisuwa. Tana zaune a gindin wata bishiyar ƙaya, ta miƙe ƙafafu, tana fifita da murfin kwano. Ni da Tasi'u mun dawo ne daga ɗaya gefen tafkin, la'asar ta gabato, ƙugiya a kafaɗa, hannu babu komai.

Tafkin yana bayan wata madatsa a wajen garin Tamanrasset, can cikin hamada a ƙasar Larabawa, inda ruwan duwatsu ke taruwa idan an yi ruwan sama a tsakiyar zafi. Hukuma ta zuba tarwaɗa a ciki, ta kuma kafa doka. A ƙofar shiga akwai allo kwance a kan teburi, an ja masa jan layi a santimita talatin. Duk kifin da bai kai layin ba, daga baki zuwa wutsiya, ruwa za a mayar da shi. Mai gadin ya gaya mana da safe cewa wanda ya ɗauko kifi zuwa allon, shi ake tambaya katin zama a ƙasar, kuma sunansa ake rubutawa idan an sami ƙarami. Hanyar shiga ɗaya ce, ita ce kuma ta fita.

Barira da Tasi'u taubasai ne, mutanen Madarunfa. Mahaifinta da mahaifiyarsa ciki ɗaya suka fito. Ita 'yar namiji ce, shi ɗan mace, don haka bisa al'ada ita ce uwargijiya, shi ne bawa, abin da Tasi'u bai taɓa amsawa ba tun da ya iya magana. Ita tana sayar da abinci a unguwar Tahaggart, ta daɗe a garin, tana da katin zama. Shi magini ne, ba shi da takarda ko ɗaya. Ni kuwa, Yunus, na jawo mu ne a motar shagon da nake yi wa aikin lissafin kaya, domin Asabar ce, ba aiki.

Da sassafe Tasi'u ya cika bokiti da tarwaɗa. Kowace ya fiddo sai ya gwada ta da wani kara da ya yanka daidai tsawon allon, ya jefar da ƙananan a ruwa. Sannan muka bar bokitin a wurin Barira muka zagaya bayan duwatsu.

"Ina bokitina?" in ji Tasi'u.

"Ga shi can a kife, yana hutawa. Ya fi ka aiki yau."

"Kifin fa?"

Barira ta miƙa hannu ta yaye wani buhu da ta lulluɓe ƙasa da shi. Ashe ta tona rami, ta ɗora ragar ƙarfe, ta hura wuta da guntayen katakon da ke bayan mota. Ga tarwaɗa nan jere, baƙi wuluk, suna ƙyalli. Kowace an lanƙwasa ta, an haɗa kai da wutsiya an soke da tsinke, ta zama kamar gammo.

Tasi'u ya sauke ƙugiyar a hankali.

"Barira. Mi kinka yi?"

"Banda. Ko ka daɗe cikin Larabawa har ka manta sunanta?"

"Na san sunanta. Wa ya sa ki?"

"Zafin nan ya sa ni. Ruwan bokitin ya yi ɗumi kamar na wankan jego, kifi sun fara juya ciki sama. In bar su su ruɓe ina kallo, ni ɗiyar bakin tafki? Ka ce sannu, ka durƙusa ka ce na gode."

"Da mi za a auna su?"

"Ba ka auna ba? Na gan ka da karanka tun safe, kamar mai gwajin likkafani."

"Na auna su suna miƙe! Mutumin ƙofa a kan allo zai kwantar da su. Ta ina zai fara da gammo? Kuma wuta ta sha su, kin san ta sha su. Wanda ya kai layi da safe, yanzu ko kusa bai kai ba."

"To sai ya ɗanɗana, ya yafe. Babu wanda ya taɓa cin bandata ya ci gaba da fushi."

Ta fara dariya, amma ba ta ƙarasa ba, domin ta ga inda nake kallo. A can ƙetaren ruwa, kusa da rumfar mai gadi, wata mota ce tsaye, kore da fari. Da safe babu ita. Jandarma biyu, jami'an tsaro, sun shimfiɗa tabarma a inuwarta.

A makon da ya wuce ne aka kwashe ma'aikata marasa takarda daga shantiye, wurin da Tasi'u ke gini, har da Abdurrazak wanda suke kwana ɗaki ɗaya. Tasi'u ya tsira ne don an aike shi sayen ƙusa. Abdurrazak ya bugo waya daga Asamaka, garin kan iyaka, bayan ya tako rairayi da ƙafa daga inda aka sauke su, muryarsa ba ta fita sosai. Duk mun ji wannan murya.

"Mu binne su," in ji Tasi'u. Ya riga ya durƙusa yana tona yashi da hannu.

Na ce masa mai gadin ya wuce ta nan a kan babur da hantsi, ya leƙa bokitin, ya ga abin da ke ciki. Ban da haka, gaɓar fili ce fetal, duk wanda ke ƙofa yana ganin mu kamar yadda muke ganin sa. Mutanen da suka shigo da bokiti cike suka fita hannu wofi bayan an ga suna tona rami, su ne za a fi tsayarwa.

"To mu cinye."

"Duka?" in ji Barira. "Na san cikinka rijiya ce, tun kana yaro kake lashe tukunyar gidanmu, amma wanga ya fi ƙarfinka."

"Tukunyar gidanku? Wadda kare ke sunsunawa ya wuce?"

"Karen ya fi ka kunya, shi ya sa."

Suna faɗa, amma babu mai kallon ɗan'uwansa. Idon kowa yana kan motar.

"In bi ta bayan dutse da ƙafa," Tasi'u ya ce. "Ku tarar da ni a kwalta."

"Mutum uku mai gadin ya gani sun shiga," na ce. "Idan biyu suka fita, zai tambaya."

"Kuma kai da ka ɓata tsakanin gidanmu da masallaci," in ji Barira, "kai ne za ka bi duwatsun nan babu ruwa? Zauna, don Allah. Tsayuwar taka na jawo mana ido."

Ya zauna. Gumi na bin wuyansa. Barira ta jawo babbar roba ta fara kwashe kifin daga raga, ɗaya bayan ɗaya. Wata ta suɓuce ta faɗi a yashi, ta ɗauka ta hure.

Da ta gama, Tasi'u ya miƙe ya kama bakin robar.

"Kawo."

"In kawo mi?"

"Kayan. Ni zan kai allo."

"Da wane katin? Na siminti?"

"Ni na kama su. Kowa ya ga ni na kama."

"Saki robata, Tasi'u."

"Katinki saura kaɗan a sabunta shi. In anka rubuta sunanki yau, ranar da kinka je buro, ofishin takardu, su buɗe su gani. Yaranki na lekkol, suna karatu. Ni mi gare ni a garin nan? Tabarma da cokalin gini."

"Da innarka da ke jiran abin da kake aikawa. In sunka ɗauke ka, wa zai buga mata waya? Ni. Ni zan ce, Gwaggo, na gasa kifi, an tahi da ɗanki."

"Shekara nawa kina cewa ni bawanki ne? A gaban liman kin faɗa, ranar aurena kin faɗa. To na amsa yau. Ni bawa ne, ɗan mace. Bawa ke ɗaukar kaya. Saki."

"A'a! Yau kake so? Na 'yanta ka. Je ka, na 'yanta ka don Allah."

"Ban karɓa ba."

"Ba a ƙin 'yanci, jahili."

"Ni na ƙi. An haife ni bawa, zan mutu bawa. Malam Yunus, gaya mata al'ada."

Na ce al'ada dai tana bayan Tasi'u a wannan magana. Barira ta harare ni har na gwammace ban buɗe baki ba.

Suka ci gaba da jan robar, shi ta nan, ita ta can, kifin na motsi a ciki. A ƙetare, mai gadin ya fito daga rumfa ya tsaya, ya sa hannu a goshi yana kallon wajenmu.

"Yana kallo," na ce.

Barira ta daina ja, amma ba ta saki ba. Ta sassauta murya.

"To ji nan. Ashe ƙarya nake yi tun muna yara. Ni ce baiwa. Babana ma ya sani, kunya ta hana shi faɗi. Kai ne ubangida, ranka ya daɗe. Malam Yunus, ka shaida."

Tasi'u ya buɗe baki. Tana ganin hannunsa ya yi sanyi ta fizge robar, ta naɗe mayafinta ta ɗora a ka, ta aza kayan.

"Ubangida ba ya ɗaukar kaya, ba ya magana da masu gadi. Ka shiga baya, ka zauna, ka rufe wanga bakin. Ko anka zage ka, ka yi shiru. Ka ji?"

"Na ji."

"Ka rantse."

"Na ce na ji, Barira."

Muka kashe wutar da yashi, muka shiga mota. Hanyar ta zagaya tafkin, duk duwatsu, ba a gudu. Ina jin Tasi'u a baya yana karanta abin da ya sawwaƙa, yana maimaita aya ɗaya, ya kasa wuce ta.

Na tsaya ɗan nesa da teburin. Barira ta fita da robar, na bi ta da takardar izinin da aka ba mu da safe. Mai gadin dogo ne, Buzu, ya naɗa rawani a kan kakinsa. Ya karɓi katin Barira ya ajiye a gefen allo, ya ce ta sauke.

Da ya ga abin da ke cikin robar sai ya tsaya. Ya ɗauki ɗaya, ya juya ta, ya leƙa ta tsakiyar ramin.

"Mene ne wannan?" ya tambaya da Larabci.

"Kifi ne, shef," in ji Barira da Larabcinta na kasuwa.

"Na ga kifi ne. Me ya same shi?"

"Haka muke yi a garinmu, don kada ya lalace."

Ya zare tsinken, ya kwantar da ita a kan allo. Ta ƙi kwanciya. Ya danna kan da yatsa, wutsiyar ta ɗaga. Ya kama kai da wutsiya ya buɗe a hankali, sai ji muka yi ƙas, ta rabu biyu a hannunsa. Ƙamshin banda ya cika wurin.

Ƙamshin ne, ina zato, ya taso da ɗaya daga cikin jandarman. Ya bar tabarmar ya tako zuwa teburin, hannu a ɗamara. Ya dubi kifin, ya dubi Barira, ya dube ni. Sannan ya juya ya dubi motar. Na ji takardar izinin ta jiƙe a tafin hannuna.

"Wa ya kama su?" in ji mai gadin.

"Ni," in ji Barira.

"Ke? Da safe na ga ƙugiya a hannun wancan." Ya nuna motar da guntun kifin. "Wane ne shi?"

Barira ta juya. Sai kawai ta ɗaga murya da Hausa, yadda take yi a bakin tukunyarta.

"Wancan? Wancan ƙugiya kawai yake riƙewa don a ce namiji ne! Tsoron tarwaɗa yake ji. Tun da wata ta soke shi a yatsa yana yaro, ya yi kuka har maƙwabta sunka zo gaisuwar mutuwa. Ko wanka ba ya yi sai an ɗaure shi!"

Na roƙi Allah a zuciyata ya riƙe bakin Tasi'u. Amma mutumin da ya shekara talatin yana rama wa Barira ba ya iya haɗiye irin wannan, ko da wuƙa a wuyansa. Gilashin baya ya sauka.

"Ƙarya take yi!" in ji Tasi'u. "Ita ce ta faɗa tafki tana wanke tukunya, masunta sunka jawo ta da taru, sunka duba, sunka mayar!"

Barira ta runtse ido. Jandarman ya taka ɗaya zuwa wajen motar.

Sai mai gadin ya yi wani sauti a cikin rawaninsa. Kafaɗunsa suka fara girgiza. Ashe yana jin Hausa.

"Suka mayar?" ya ce, da Hausa irin ta mutanen Agadas. "Ba ta kai layi ba ke nan?"

"Ko kusa!" in ji Tasi'u daga mota.

"Abobaz ne?" mai gadin ya tambayi Barira. "Ɗan gwaggonki?"

"Shi ne, shef. Allah ya jarrabe ni da shi."

"Ni ma ina da irinsa. Ya ci akuyata, har yau ni yake kira ɓarawo."

Jandarman ya tambaye shi me ake cewa. Mai gadin ya amsa masa da Larabci, yana share ido da gefen rawani, cewa 'yan gida ɗaya ne, ɗan mace da 'yar namiji, kuma maganar kifi ce, aikinsa ne, zai ƙarasa. Jandarman ya tsaya. Ya sake duban motar, ya daɗe yana dubawa, ko kuwa ni ne na ga ya daɗe. Daga tabarma abokinsa ya kira shi, ya ɗaga ƙaramin kofin shayi. Ya juya ya koma.

Dariyar ba ta hana mai gadin aikinsa ba. Ya ciro zare daga aljihu, ya zagaya bayan kowace tarwaɗa da shi daga baki zuwa wutsiya, sannan ya miƙe zaren a kan allo. Mafi yawansu sun gaza layin da faɗin yatsa.

"Wuta ce ta ci yatsan, shef," in ji Barira.

"Na yarda. Amma allon bai san wuta ba."

Ya ware waɗanda suka gaza gefe guda, ya riƙe. Ya mayar mata da 'yan kaɗan da suka kai, ya haɗa da wadda ya karya. Sannan ya ɗauki katinta ya rubuta sunanta. Barira ta bi alƙalamin da ido har ya gama.

"Gargaɗi ne wannan karon," ya ce. "Gaba ki kawo su a miƙe, ki lanƙwasa a gida." Ya ɗaga sandar ƙofa.

Na ja motar a hankali ta gaban tabarmar, ban waiwaya ba. Sai da muka hau kwalta, duwatsu suka rufe tafkin, Tasi'u ya ce in tsaya. Ya fita, ya zauna daɓas a gefen hanya ya sa kai tsakanin gwiwoyi. Wata babbar mota ta wuce, iskarta ta kaɗa masa riga.

Barira ta fito ta tsaya a kansa.

"Na ce ka yi shiru ko ban ce ba?"

"Kin ce."

"To?"

"Kin ce ba na wanka. A gaban baƙo."

"Da sun tahi da kai fa?"

"Da na tahi da mutuncina."

"Mutuncinka! Ka ga yadda kake rawa? Kamar ɗan akuya a ruwan sama."

Ya ɗago kai ya dube ta, idonsa ja.

"An rubuta sunanki."

"An rubuta. Suna ne mai daɗi, ya ƙawata masu takarda."

"Barira." Ya share fuska da tafin hannu. "Na yarda. Ke ce ɗiyar namiji. Ke ce uwargijiya."

"Mi? Motar nan ta toshe mini kunne. Ɗaga murya."

"Na ce ke ce uwargijiya!"

"Har abada?"

"Har magariba."

Dariya ta ƙwace mata, irin wadda ke zuwa bayan tsoro, har ta dafa motar, hawaye na zuba. Ta sa hannu a roba ta ciro karyayyar tarwaɗar, ta duba guntayen biyu, ta miƙa masa wanda ya fi tsoka.

"Ungo, ci, kafin ka suma mini a hanya. Ba ni da ƙarfin ɗaukar kaya biyu a rana ɗaya."